Allunan da Na Rubuta wa Sajan Ummaru

Tun da na dawo daga ƙasar Kabi, duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya tambaye ni yadda na baro can. Wani albasa yake tambaya, wani kifi. Alhaji Tanimu tela kuwa cewa yake shi bai ga abin da zai zaunar da mai fenti a caji ofis har mako uku ba, in ba kulle shi aka yi ba. Nakan yi dariya in ce lafiya lau na baro su. To amma amsar ba ta gamsar da su, ni ma ba ta gamsar da ni, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin daga farko, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawal, a Tudun Wadan Zariya nake, sana'ata rubuta alluna da jikin motoci. Matata Rabi ta rasu a daminar da ta gabaci tafiyar, yaranmu biyu kuma kowa yana garin da yake neman abinci. Na koma ina daɗewa a shago ko babu aiki, don kada in shiga in tarar da tsakar gida yadda na bar ta da safe. Ana cikin haka Hamisu ya kira ni. Ɗan unguwarmu ne, a gabana ya tashi, yanzu shi ne insfekta mai riƙe da wani ƙaramin caji ofis a wani gari na bakin titi tsakanin Jega da Maiyama. Ba zan faɗi sunan garin ba. Ya ce suna da wata lanƙwasa kusa da kasuwa wadda ta ci mutane da yawa, 'yan gari sun haɗa hannu sun sayi allunan ƙarfe, saura mai rubutu. Ya ce akwai masu fenti a Jega, amma shi hannuna ya sani. Ban tsaya shawara da kowa ba na amsa.

Na tashi bayan sallar asuba da galan huɗu na fenti, rawaya biyu, fari ɗaya, baƙi ɗaya, da ƙaramin gwangwani na ja, da buroshina a naɗe cikin tsohon zane. Lokacin zafi ne, tun kafin hantsi kujerar mota ta fara ƙuna. Daga Funtuwa zuwa Gusau ba wanda ya yi hira. Kowa ya san halin hanyar, kowa bakinsa na motsi. Shinge kuwa na daina ƙirgawa. A ɗaya daga ciki wani soja ya ga galan-galan ya ce in buɗe. Na buɗe na rawaya, ya sa tsinke ya juya, ya ce in rufe. Ashe ban danne murfin sosai ba. Muna isa Talatar Mafara aka buɗe bayan mota, sai ga buhun geron wata tsohuwa ya koma rawaya ta gefe guda. Na yi ta ba ta haƙuri. Ta dubi buhun ta dube ni, ta ce ai yanzu ko a tashar Sakkwato ba wanda zai ce nasa ne. Ita kaɗai ta ba ni dariya a ranar.

Na kwana a Sakkwato wurin wani ɗan'uwan sana'a, washegari na shiga motar Jega. Bayan Tambuwal direba ya nuna wani tsohon allo ya ce mun shiga Kebbi. Ni abin da idona ya kama shi ne harafin farko ya fi na ƙarshe girma, alamar mai rubutun bai auna ba kafin ya fara. Hanci ne ya tabbatar mini mun canza ƙasa. Tun kafin Aliero warin albasa ya cika motar. Ga buhuna nan jibge a bakin titi, ga rumfunan kara da suke adana ta, waɗanda suke kira rudu, ga manyan motoci ana lodi, masu dako gumi na zuba. Mu a Zariya tilin albasa uku ne a kan faifai, a can kuwa da tudu ake auna ta.

A tashar Jega na kira Hamisu. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka. Ya ce tun jiya aka kira shi Birnin Kebbi kwas na wata guda, abin ya zo masa bagatatan har ya manta bai sanar da ni ba, amma ya bar ni a hannun Sajan Ummaru. Na zauna a kan galan ɗin fenti cikin hayaniyar tasha. Mutum ɗaya na sani a jihar baki ɗaya, shi ɗin ma ba ya nan. Har na fara tambayar motar komawa Sakkwato.

Sai ga wani dogon ɗan sanda a kan tsohon babur, siriri, da furfura a gefen kunnuwa, kakinsa ya koɗe amma ya sha guga. Ya tsaya a gabana ya dubi galan-galan.

"Kai na mai henti?" in ji shi.

Sai da na ɗan yi jim kafin na gane fenti yake nufi. Na ce ni ne. Ya ɗaure kayan da kansa, sannan ya ciro hular kwano ta biyu ya miƙo mini. 'Yan kabu-kabu, wato 'yan acaɓa a wurinmu, suka fara dariya, wani ya tambaya ko yaƙi za mu. Sajan bai ko waiwaya ba. Bai tayar da babur ɗin ba sai da ya ga na ɗaure igiyar a haɓa.

Caji ofis ɗin ɗaki uku ne da baranda, ma'aikata shida, da mota ɗaya da aka ɗora kan duwatsu saboda babu tayoyi. Masaukina wani ɗaki ne a baya, inda suke ajiya. Sajan ya share shi ya shimfiɗa mini tabarma da katifa, ya ba ni haƙuri ya ce ba su da wani. Da idona ya saba da duhun ɗakin sai na ga kantoci a jikin bango. Takalma ne a kansu, da huluna, da buta, da carbi, da wata jakar makaranta, da takalmin mace ƙafa ɗaya. Kowanne an ɗaura masa 'yar takarda da rubutun hannun Sajan. Kayan waɗanda haɗari ya rutsa da su ne, ba wanda ya zo nema. Daga baya na ga duk ranar Juma'a yakan shigo ya kakkaɓe musu ƙura. Kwana goma sha tara na yi a ɗakin, kullum fuskata tana duban ɗaya bangon.

Abinci a wurin wata Inna Kulu nake ci, tsallaken titi. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka da busasshen kifi, kifin kuwa ba rowa, ba irin namu da ake nema da cokali ba. Da rana fura ce, mai kauri, a ƙoƙo, kuma ita ce abincin ranar gaba ɗaya. Na ci hoce, wata gurasar dawa mai tauri da ke riƙe ciki har la'asar. Albasa kuwa ba a saya. In ka tambayi kuɗinta kallonka za a yi. Gaisuwarsu tana da tsawo, sai an tambayi gida da gajiya da zafi da baƙunta, kana amsawa ana cewa "awo". Suka yi ta tsokanata wai mu Zazzagawa ba mu san mace da namiji ba a magana, komai "ne" muke ce masa, har mota da mata. Ban musa ba.

Wannan sakin fuskar na kwana biyu ne kawai. Da aka gane a hannun wa nake, sai abin ya canza. Ba wanda ya yi mini wulaƙanci, amma in na zauna wurin mai shayi hira takan mutu, a koma maganar zafi. Inna Kulu ce ta gaya mini sunan da suke kiransa a ɓoye: Sajan Sabka. Su "sabka" suke cewa maimakon sauka, kuma ita ce kalmar da ta fi fita daga bakinsa.

Na gani da idona. Kullum da hantsi yana tsaye a lanƙwasar nan da suke kira kwanar kasuwa, da usur a wuya da jan ƙyalle a hannu. Titin ya gangaro daga wajen Jega ya karya dama, kasuwa tana hagu, makarantar firamare tana tsallake, ga kuma hanyar shanu ta ratsa ta tsakiya. Masu kula da haɗurra sukan zo jefi-jefi, amma hanyar tana da tsawo, tsaron kullum a nan kuwa na Sajan ne. A-kori-kura za ta taho daga wajen Jiga Birni, an yi mata lodin albasa har ta durƙusa, mutane goma ko fiye a kan buhuna, ƙafafu na lilo. Zai ɗaga ƙyalle, ta tsaya, ya ce na sama su sabka. Ba ya ɗaga murya, ba ya zagi, ba ya karɓar komai, kuma ba ya jin roƙo. Direbobi sun fi son wanda za a sallama a wuce. Amma fasinjan sun fi direbobin jin haushi, domin su kasuwa za su, kuma ba wata motar. Na ga wani tsoho da akuyarsa an sauke su cikin rana, ya zauna a gindin itace yana duban Sajan. Gaskiya ranar ni ma na ga kamar ya cika tsanani.

'Yan garin ma ba su bar shi ba. Sun gina tudun ƙasa guda biyar a kan titi don rage gudu, ba alama ba fenti, har wani mai babur ya hau ɗaya bai sani ba ya rasa ransa. Sajan ya sa an baje uku, ya ce biyun da suka rage sai an shafa musu fenti. Suka ce yana goyon bayan direbobi. Direbobi kuma sun kai ƙararsa sama har sau biyu, sun ce yana hana su neman abinci. Ko a ofis, wani Kofur Ladan, mutum mai fara'a da ke taya ni haƙa ramukan alluna, ya ce mini Baba Sajan ya ɗauki titin nan kamar gonar gado. A masallaci yana sahu da kowa, amma da an sallame shi kaɗai yake tafiya.

Allona na farko na rubuta masa A RAGE GUDU, KASUWA A GABA, baƙi a kan rawaya, haruffa masu kyau da na auna da zare. Wani dattijo ya ce rabin direbobin nan makarantar allo suka yi, ba boko ba, don haka na ƙara da ajami a ƙasa. Sai wani Ardo Buba, Bafulatanin wajen Kuberi wanda garkensa ke tsallaka titin safe da yamma, ya zo ya ce ai mai gudu ba ya karatu kowane iri, a zana masa saniya. Na zana saniya, na ba ta dogayen ƙahoni irin na farfarun shanun da na saba gani. Ardo ya daɗe yana kallo da sanda a kafaɗa, sannan ya ce wannan baƙuwa ce, ba ta ƙasar nan ba ce. Tasu gudali ce, gajeren ƙaho, babban tozo. Na goge na sake. Washegari da safe garkensa ya bi ta kan tudun da na shafa wa fenti bai bushe ba, sawun kofato rawaya tun daga titi har bakin kasuwa. Ya zo da ƙwaryar nono yana ba da haƙuri. Ranar ce na fara ganin haƙoran Sajan.

Ba mai magana ba ne. Muna iya wuni tare, yana riƙe mini allo tsakanin mota da mota, kalmominmu ba su wuce ashirin ba. Abin bai dame ni ba, don ni ma a lokacin ba hirar nake so ba. Da la'asar mukan zauna a baranda mu raba furar da na saya, kowa yana kallon titi. Na san iyalinsa suna Kamba, yana zuwa bayan wata biyu. Ya ce ya taɓa kawo matarsa garin, ta yi wata uku ba matar da ta shigo mata, ko suna ba a gayyace ta ba, sai ya mayar da ita.

Wata rana muna duba inda za a kafa allon makaranta na yi ƙarfin hali na tambaye shi, me ya sa ba ya ɗan sassautawa ko ga tsofaffi. Can ya ce da yana kofur a wani gari, wata mota ta zo cike da mata masu kai amarya, har a kan rufi. Ya tsayar da su. Suka yi ta roƙo, suna kiransa ɗansu, suna cewa rana za ta faɗi ba su kai ba, wata tsohuwa ta sa masa goro a aljihu tana sa masa albarka. Ya ji kunya, ya kauce. Ba su yi nisa ba taya ta fashe a gangara. Shi ne ya fara isa wurin, goron yana aljihunsa.

"Ni na buɗe masu hanya, Malam Lawal," in ji shi. "Da hannun ga."

Sai na ji ina ba shi labarin Rabi, yadda ta kwanta, yadda na yi ta jinkirin kai ta asibiti ina cewa zazzaɓi ne. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, har ku da muke zama kullum. Ya ce Allah shi jiƙanta. Ya sa dunduniya ya zana alama a ƙasa inda yake so allon ya tsaya, muka koma.

A kwana na goma sha huɗu abin ya faru, ranar kasuwa, da hantsi. Ina durƙushe ina shafa wa tudu na biyu fari, Sajan ya tsayar da a-kori-kurar wani Mamman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kai ƙararsa. Yana tsaye a gefen direba suna magana, mutane ba su sauko ba tukuna. Sai wani mai babur ɗauke da mutum biyu da rago ya hango ƙyallen, ya so ya zille ta bayan motar, ya faɗo ɗaya hannun da gudu. Na ji ƙarar kafin in ga komai. Da na ɗago, Sajan yana ƙasa, ƙafarsa ta hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ragon yana gudu cikin kasuwa. Mai babur ɗin ya ƙuje kawai, ya zauna a bakin titi ya ɗora hannu a ka.

Mutane suka taru suka yi da'ira, ana ta salati, amma ba wanda ya sunkuya. Ni da Kofur Ladan muka kama shi. Motar ofis kuwa tana kan duwatsu. Mamman ya tsaya yana kallonmu, sannan ya buɗe ƙofar gaba ya ce a sa shi. Muna ɗaga shi, gumi na tsiyaya a fuskarsa, Sajan ya ɗaga kai ya dubi na kan buhuna ya ce su sabka. Wannan karon ba wanda ya yi gardama. Mamman ya tuƙa mu har asibiti a Jega, da muka sauka ya ce Allah shi sawwaƙe, ya juya. Aka wanke ciwon aka ɗauki hoto. Sajan ya ce shi dai a kai shi Aliero.

Kun san sunan da Aliero ta yi a ɗori. Gidan da muka je na wani tsohon maɗori ne, da doguwar rumfa a bayan zaure, majiyyata kwance jere a kan tabarmi, wasu hannu wasu ƙafa, an ɗaure da karare da tsumma. Na tambayi na kusa da ni, kusan duka titi ne ya kawo su. An yanka wandon kakin tun a asibiti, don haka jallabiyata ce a jikinsa. Kafin a shiga da shi ya kama hannuna ya ce, "Nan kar ka ce mani Sajan." Na ga yadda tsohon ya shafa ƙafar yana addu'a, ya ja ta lokaci guda. Sajan ya cije leɓe, bai yi ƙara ba.

Sauran kwana biyar ni da Kofur muka ƙarasa aikin. Da safe in yi fenti, da yamma in hau mota in je Aliero. Daga garin ba wanda ya je duba shi sai Kofur sau ɗaya, da Ardo da ya aiko da nono. Hamisu ya kira ta waya. Matar Sajan kuwa an ce za ta zo, tana jiran wanda zai rako ta. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda na riƙa tarar da shi. Gemu ya fito masa fari, ba hula ba kaki, 'yan rumfar suna kiransa Baba Ummaru. Ana hirar noma da shi, ana tambayarsa shawara, ana miƙa masa ƙoƙo. Rannan na same shi yana ba su labarin wani jaki da ya kayar da shi yana yaro, har da kwaikwayo da hannu. A makonni biyun da na yi da shi a bakin titi ban ji yana magana haka ba.

Ranar da zan taho na ɗauko jakata na biya ta wurinsa, tunda Aliero kan hanyata take. Maƙwabcin tabarmarsa wani Malam Bello ne, manomin albasa daga Jiga Birni, cinyarsa ta karye, ya kusa wata guda a wurin. Da ya ji garin da na yi aiki sai ya gyara kwanciya, ya ce ai a dalilin garin nan yake kwance. Ya ce ya hau a-kori-kura za shi Maiyama, wani ɗan sanda ya sauke su a kwanar kasuwa, ya roƙe shi har da Allah da Annabi bai ji ba. Dole ya hau kabu-kabu don kada kasuwa ta watse, suka yi karo da amalanke a gaba. Motar da aka sauke shi daga kanta kuwa lafiya lau ta isa.

"Da ya bar ni bisa buhuna, da yanzu ina gona," in ji Malam Bello. "Albasata tana ruɓewa, ɗiyana ƙanana na. Ko huskatai ban duba ba, don haushi. Amma Allah shina gani. Ko ba haka ba, Baba Ummaru?"

Na kasa ɗaga kai. Sajan yana kwance yana duban karan rufi, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa hannu ya tura masa ƙoƙon nonon Ardo.

"Shina gani," ya ce. "Sha, Malam Bello. Allah shi ba mu lahiya."

Da na sunkuya yin sallama ya rage murya ya tambaye ni ko na kafa allon makaranta a inda ya nuna. Na ce na kafa. Ya tambayi wa ke tsayawa a kwanar. Na ce Kofur yana leƙawa. Ya dube ni, na san ya san gaskiya, ba mai tsayawa. Ya ce maɗori ya ce wata uku, in ƙafar ta ɗauke shi zai koma. Na so in tambaye shi ko maganar Malam Bello ba ta sa ya sake tunani ba, amma ban ga fuskar yin tambayar ba. Ya riƙe hannuna ya ɗan jima, tafinsa da zafi.

"Tahi, kar rana ta yi maka," in ji shi. "In sun cika mota ta wuce ƙima, kar ka shiga. Jira wata."

Na ce to. Na fita bakin titi na zauna a kan jakata kusa da masu lodin albasa. Motar farko ta zo, biyu a kujerar gaba, biyar a baya, wani a but ƙafafunsa a waje. Na ce su wuce. Ta biyu ma haka, har ɗan kamasho ya tambaye ni ko jirgi nake jira. Aka yi azahar, na yi salla a gefen titi, na dawo na zauna ni kaɗai. Inuwa ta fara tsawo, ga Sakkwato da nisa, ga hanyar Gusau tana jirana gobe. Ta uku ta zo, ta fi na baya cika. Direba ya ce mutumin gaba ya matsa. Na waiwaya wajen gidan maɗori, ba a hango rumfar daga nan. Na shiga.

To, kun ji yadda na baro can. Sajan yana kirana wani lokaci bayan la'asar, mu gaisa, ya gaya mini ya fara takawa da sanda, in gaya masa ana ruwa a Zariya, sai mu yi shiru a kan waya kamar yadda muka saba a baranda. Bai taɓa tambayata irin motar da na shiga ba, ni ma har yau ban faɗa masa ba.